Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan hotonmu na Bamako

Paris, Mayu 2016

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki da dukan mutanen gida. Mu ma nan muna lafiya, alhamdu lillahi.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne hoton nan da ke rataye a ɗakin marigayiya Inna. A makon jiya na je Grand Palais, inda ake baje kolin ayyukan Seydou Keïta, mai ɗaukar hoton nan na Bamako wanda ya rasu a nan Paris a 2001. Ina shiga, na ga irin zanen da yake ratayawa a bayan mutane, sai gabana ya faɗi, domin a gaban irinsa aka zaunar da mu a 1958, lokacin da Baba yake fataucin goro a can, ina ɗan shekara shida.

Kin fi ni riƙe ranar, amma ga abin da ya rage mini. Kashegarin Sallah ne, muka tafi Bamako-Kura cikin kayanmu sababbi, muka tarar da layi a tsakar gidansa, don ya fi son aiki da hasken rana. Yana da kayan aro ga mai so: rediyo, agogo, babur, har da kwat. Baba ya so a ajiye rediyon kusa da Inna, ita kuwa ta ce ba za ta jingina da abin da ba nata ba. Mutumin bai yi mata musu ba. Ya durƙusa ya baza mata bakin zanenta a kan tabarma, ya juya hannunta yadda lallen zai fito, sannan ya ɗaga mini haɓa da ɗan yatsa ya ce kada in motsa. Sau ɗaya tak ya ɗauka, kuma a ganina babu wanda ya taɓa fito da kwarjinin Inna kamar yadda ya yi a ranar.

Namu ɗan ƙarami ne, santimita 13 da 18. Na nan an faɗaɗa wasunsu har sun kusa tsayin mutum, Turawa suna tsaye gabansu shiru. Na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya ko zan gan mu, ban gan mu ba. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yawancinsu babu sunan masu su, sai shekara kawai, alhali kowace mace a cikinsu uwar wani ce ko kakarsa.

Saboda haka nake roƙonki, don Allah, a sauke hoton daga bangon nan kafin damina, a sa shi cikin takarda mai tsabta a wuri busasshe. Ki sa ɗaya daga cikin jikokinki ya rubuta sunayenmu a wata takarda dabam, kada a sa biro a bayansa. Akwai kuma matar da ke tsaye bayan Inna, ta dafa kafaɗarki. Na yi ta tunani na kasa tuna ta, kuma yanzu ke kaɗai kika rage da za ki iya faɗa mana ko wace ce.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙaninki