Rahoton Ayyukan Shekara: Gidan Madaki da Sana'ar Tubali

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Bana kusan duk ƙarfinmu kan gida ɗaya ya tafi, wato Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a jihar Bauchi. Ga waɗanda suka shigo ƙungiya daga baya: Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, shi ya gina shi wajen 1860, kuma tun 1956 yana cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

Mun kai ziyara da rani tare da dattawan magina biyu. Ɗaukar hoto da awo muka je yi, sai zama da su ya fi hoton amfani. Sun nuna mana yadda ake jera tubali, gindi ƙasa tsini sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, da dalilin da ya sa bango ke da kauri a tushe yana sirancewa in ya yi sama. A babban soron kuwa mun daɗe kanmu a ɗage. Azarar giginya ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki irin wannan, don haka magini ke ɗora ta gaɓa-gaɓa cikin ƙasa har bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin, ya haɗu. Gara ba ta cika cin azara ba. Ruwa shi ne abokin gaba: indararo ya toshe, damina ɗaya ta isa.

Ba mu taɓa ginin ba, gyaransa hurumin hukuma ne. Abin da ya dame mu shi ne, duk wanda ya iya wannan aiki ya yi furfura. Shi ya sa kwamiti ya soke walimar ƙarshen shekara, aka mai da kuɗin wajen koya wa matasa buga tubali da haɗa makuba, abin yaɓen da ke kare bango daga ruwa, daga ɓawon ɗorawa. Wasu membobi sun yi gunaguni, mun ji, amma a ganinmu gara hakan. Yaran sun yi yaɓe a wani tsohon zauren ƙauye, ya kuma ci damina lafiya.

Ɗan littafin da muka yi alkawari bara bai fito ba, laifinmu ne. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taro mai zuwa. Masu bashin kuɗin wata a daure a biya kafin nan.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.