Gem ɗin hannu na gobe: a fara gwada shi a zafin Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata magana da na san wasu za su ce ta yara ce. Ni mai gyaran waya ne a nan Sakkwato. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a kan teburi ɗaya da sukurudireba da ƙarfen narka dalma, kuma a 'yan shekarun nan, ban da waya, ana yawan kawo mini gem ɗin hannu, wato na'urar wasa da ake riƙewa a tafi da ita duk inda aka nufa.

Tun da kamfanin Nintendo ya fitar da Switch 2 ranar 5 ga Yunin 2025, samarin da ke zama a bencin shagona ba su da hira sai ta abin da zai biyo baya. Wannan ya ce ya ji raɗe-raɗin Sony na shirin dawowa da sabon gem ɗin hannu, wancan ya ce shi dai yana jiran magajin Steam Deck, gem ɗin hannu na kamfanin Valve. Musunsu duk bai wuce abu biyu ba, kyan hoto da gudu. Ni kuwa da nake kwance waɗannan na'urori ina ganin hanjinsu, nawa hasashen da fatan sun nufi wani waje daban.

A watan Afrilun da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na rana, wani yaro ɗan shekara sha uku ya zo mini daga Mabera da gem ɗinsa a nannaɗe cikin leda. Ƙanin mahaifinsa ne ya kawo masa tsaraba daga waje. Ya ce, "Kawu, duba min ita, zahi takai sai ta mutu." Na kwance notuna na ɗaga murfin baya. 'Yar fankar da ke ciki, wadda faɗinta bai kai murfin gwangwanin madara ba, ƙurar hunturu ta daskare a fikafikanta har ta zama kamar auduga mai launin ƙasa. Ramukan da iska ke fita sun toshe. Batirin kuma ya kumbura kamar fanke, har ya fara tura allon waje. Da na zo cire shi sai na tarar an manne shi da gam mai ƙarfi, na kusa awa guda ina ɗiga sinadari ina lallaɓa shi da ɗan faifan roba, domin batirin da ya kumbura in ƙarfe ya huda shi wuta yake kamawa. Yaron na tsaye a kaina duk wannan lokaci, bai zauna ba. Ba sai na ambaci kamfanin da ya ƙera ta ba, duk kanwar ja ce.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne su kansu masu ƙera na'urorin sun faɗi iyakar zafin da suka yi su dominsa. Nintendo ya ce a yi amfani da Switch tsakanin digiri 5 zuwa 35. Valve, mai Steam Deck, ya ce tasa ta fi aiki daidai tsakanin 0 zuwa 35, in zafin wuri ya wuce haka za ta iya rage gudunta don kare kanta. To, Malam Edita, a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu digiri 35 ai sauƙi ne, mukan haura 40 kwana da kwanaki, kuma ɗakin da aka rufa da kwano ba sili ya fi waje zafi. Ke nan wata uku a shekara duk yaron da ya kunna gem da rana a garin nan ya fita daga sharaɗin masu ita tun kafin ya danna maɓallin farko.

Saboda haka abu na farko da nake fata a sabbin da za su zo shi ne su rage cin wuta, domin wutar da na'ura ta ci ita ce take komawa zafi. Kuma a nan ina da kyakkyawan zato. Akwai wata dabara da ta fara shiga, wadda na'urar ke zana hoto ƙarami sannan ƙirƙirarriyar basira ta faɗaɗa shi ya fito tas kamar tun asali babba aka zana. Switch 2 na yin haka da fasahar DLSS ta kamfanin Nvidia. Samarin bencina suna murna da wannan don hoto zai ƙara kyau. Ni ina ganin in kamfanoni sun yi hankali, za su juya ribar wajen batir: a bar hoto yadda yake, a rage wutar da ake ci. Valve ma ya sha faɗin cewa ba zai fitar da sabuwar Steam Deck ba sai ya sami ƙarin ƙarfi na gaske wanda ba zai cinye batir ba. Wannan magana ta kwanta mini.

Tarihi ma ya riga ya yanke wannan shari'a sau ɗaya. A 1989 Nintendo ya fitar da Game Boy, wadda injiniyansa Gunpei Yokoi ya jagoranci ƙerawa. Allonta ba kala, wani kore-kore ne mai duhu, amma ƙananan batura huɗu sukan kai ta awa goma sha biyar ko fiye. A 1990 Sega ya fito da Game Gear mai allon kala mai haske, tana cin batura shida cikin awa uku zuwa biyar. Wadda ta yi nasara ita ce marar kalar: Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color sun sayar da sama da miliyan 118. Ni na fara ganin Game Boy ne a hannun ɗan maƙwabcinmu, tsarabar aikin Hajji, muna layi a zaure kowa na jiran a miƙa masa. In batir ya mutu sai mu haɗa kuɗi mu saya a teburin mai shago. Ba mu taɓa jiran a kawo wuta ba. Yau Switch 2, bisa faɗin kamfanin kansa, tana yin awa biyu zuwa shida da rabi. A unguwar da ake iya kwana biyu ba a ga ƙyallin wuta ba, awa biyu me za ta yi wa yaro?

Wani zai ce to a ƙara girman batirin mana. Akwai iyaka. Dokar jiragen sama ba ta barin fasinja ya shiga da batirin da ya wuce awon wat-awa 100 sai da izini na musamman, kuma batirin gem ɗin ROG Ally X ta kamfanin Asus ya riga ya kai 80. Ga nauyi a hannu. Mafita a ganina ita ce a koma yadda wayoyinmu na da suke: ka zare murfi, ka cire batir, ka sa wani. Mutum ya mallaki guda biyu, ɗaya na caji a wurin mai sola ɗaya na aiki. Wannan kuwa ba mafarki ba ne, domin Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 wadda daga Fabrairun 2027 za ta tilasta a ƙera irin waɗannan na'urori yadda mai su zai iya canza batir da kansa. Ba don mu aka yi dokar ba, amma albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Hasashena shi ne gem ɗin hannun da za a fitar bayan wannan lokaci zai zo da batir mai noti, ba mai gam ba. In aka haɗa da 'yar raga a bakin fanka wadda za a zare a kaɗe ƙura a mayar, kamar ta iyakwandishan, rabin na'urorin da ke zuwa teburina ba za su zo ba.

Sandar sarrafawa, wadda yara ke kira analog, ita ma ƙura ce ajalinta. A cikinta akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar faifan gawayi, in ya cinye ko ƙura ta shiga sai ka ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Maganin ya daɗe: sanda mai aiki da maganaɗisu, ba abin da ke gogar wani. Tun zamanin Dreamcast ta Sega ake amfani da ita. Ba na jin kamfanoni za su iya ci gaba da kauce mata.

Amma abin da ya fi damuna, wanda kuma nake tsoron can aka dosa, shi ne intanet. Gem ɗin hannu amfaninsa ke nan ka ɗauka ka hau mota zuwa Illela ko Tambuwal kana wasanka, ko da sabis ko babu. Yanzu dubi inda ake tafiya. PlayStation Portal da Sony ya fitar a 2023 ba ta ɗauke da wasa a cikinta, hoton kawai ake turo mata ta intanet, in ya yanke ta zama allo ba komai. A Switch 2 kuma an fito da wani irin kati wanda za ka saya da kuɗinka, ka sa a na'ura, amma wasan ba ya cikinsa. Mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan gaba ɗaya daga intanet, wani ya kai gigabait hamsin ko fiye. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Uban da ya daure ya sayi kati, a ce masa kuma ya sayi datar gigabait hamsin, a kan sabis ɗin da ke yankewa sau uku kafin a kai rabi? Mu nan kasuwar gem ta gwanjo ce da musaya. Yaro ya gama wasa ya kai wa abokinsa a Runjin Sambo ya karɓo wani. Kati mai ɗauke da wasansa dukiya ce, ana arawa, ana sayarwa, ƙane ya gada daga wa. In sabbin na'urori suka zo ba ramin kati kwata-kwata, kuma ina jin wasunsu haka za su zo, to sun rufe mana ƙofa ko da kuwa sun fi komai kyan hoto.

Abin da nake so a dawo da shi da ƙarfi shi ne wasa tsakanin na'ura da na'ura ba intanet. PSP ta Sony da Nintendo DS, duka na 2004, suna yin haka, har DS na barin yara da yawa su yi wasa da kati ɗaya. Switch 2 ta dawo da irin wannan a wasu wasanni, kuma na yaba. Yaranmu ba sa wasa su kaɗai a ɗaki, a dandali suke haɗuwa, tabarma ɗaya kai biyar.

Maganar kuɗi ba sai na tsawaita ba. An fitar da Switch 2 a kan kusan dala 450 a Amurka, wanda a canjinmu na lokacin ya haura naira dubu ɗari shida kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Shi ya sa nake zaton gem ɗin hannun da zai shiga gidajenmu ba daga Japan ko Amurka zai fito ba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar waya a Afirka ne don ya zo ya dubi yadda muke rayuwa, ya sa layi biyu, batir mai jurewa, da kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau. Ranar da wani ya yi wa gem irin wannan kallo, zai tarar da kasuwa na jiransa daga nan har Birnin Konni. In ya sa Hausa a cikin harsunan na'urar kamar yadda Facebook da Google suka sa, ya gama da mu.

Ni uba ne, kuma na san iyaye da yawa ba sa ƙaunar ganin wannan abu a hannun 'ya'yansu. Suna da hujja, na ga yaron da gem ya hana zuwa Islamiyya. Don haka ina fatan a sa agogon ƙayyade lokaci a jikin na'urar kanta, da lambar sirri mai sauƙi wadda uwa za ta iya saitawa ba sai da babbar waya ko imel ba, ta ce daga la'asar zuwa magariba, lokaci na cika ta kulle.

Gem ɗin yaron nan na Mabera har yanzu tana cikin durowata. Na wanke fankar, tana juyawa lafiya lau. Batirin ne na nema a nan ban samu ba, na aika Farm Centre a Kano ba a dace ba, yanzu wani abokin sana'ata a Computer Village ta Ikeja ya ce in ba shi mako uku. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yaron yakan biyo ta shagon ya leƙo ya ce, "Kawu, ya iso?"

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran waya,
Sakkwato.