Kafin mai babur ya amsa laifin gudu a kotu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin 'yan'uwanmu masu hawa babur a Kumasi, musamman samarin Aboabo, Asawase da Sawaba, waɗanda jami'an MTTD, wato 'yan sandan kula da hanya, ke tarewa a hanyar Ejisu ko wajen Sofoline a ce sun wuce ƙa'idar gudu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancinsu hanya biyu kaɗai suka sani: ko su cusa wa jami'i wani abu a gefen titi, ko su je kotu su amsa duk abin da aka karanta musu. Ta farkon laifi ce a kan mai bayarwa da mai karɓa, kuma ita ke sa gobe a sake tare shi. Ta biyun kan jawo wa mutum hukuncin abin da bai aikata ba. Ana iya ja da tuhuma a yi nasara, amma sai ga wanda takardunsa suka cika, kuma ya tara hujjarsa tun ranar da aka tsayar da shi.

A fara da sanin iyakar gudun. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta sa kilomita 30 a awa kusa da makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci ko coci, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a irin titin Akara zuwa Tema. Wanda ya keta gaban kasuwar Asawase da 55 ba shi da ta cewa, ya amsa laifinsa ya roƙi sassauci. Haka wanda wayar agogon gudunsa ta tsinke tun bara, kamar yadda ake gani a babura ƙirar Boxer da Haojue da yawa. "Ban san gudun da nake yi ba" ba kariya ba ce a gaban alƙali.

Inda shakka ta gaskiya take shi ne gudun wa aka auna. Na'urar auna gudu da jami'i ke riƙewa a hannu iri biyu ce. Mai aiki da rada tana watsa sigina ne kamar hasken tocila, yana faɗaɗa da nisa, har a tazarar mita 100 ya kan rufe faɗin titin gaba ɗaya. Abin da ya fi girma shi ya fi mayar mata da sigina. To a ɗauka babur na tafe a gefen dama, bayansa kuma ga bas ta Akara ko tifa tana tahowa a guje za ta wuce shi: lambar da ta fito a fuskar na'urar tana iya zama ta motar, amma mai babur ne a gaba, shi ido ya fara gani, shi za a ɗaga wa hannu. Mai aiki da lesa kuwa siririya ce, faɗin haskenta a mita 100 bai fi taku ɗaya ba, sai dai babur ba shi da faffaɗan gaba kamar mota, kuma idan hannun mai riƙewa ya girgiza hasken ya zame daga fitila zuwa jikin mahayi ko zuwa motar baya, lissafin kan ɓaci. Akwai kuma lambar da aka bari a na'urar daga abin hawan da ya wuce ɗazu. Wani abu guda kada a yaudari kai da shi: tsayuwar jami'i a karkace da titi ba ta ƙara gudu a na'ura, ragewa take yi, don haka wannan ba hujjar mai babur ba ce.

Duk waɗannan ba su da amfani idan mutum bai riƙe komai ba. In an tsayar da kai, kashe injin, ka cire hular kwano, ka gaisa. Nemi a nuna maka lambar da na'urar ta nuna, ka duba ko akwai hoto ko lokaci tare da ita. Riƙe sunan jami'in da lambar da ke ƙirjinsa. Da zarar ka samu sarari, rubuta ƙarfe nawa ne, daidai ina, wace mota ce a bayanka ko gefenka. Ɗauki hoton allon gudu na ƙarshe da ka wuce, ko wurin da ya kamata a ce yana nan amma ya faɗi ko ciyawa ta rufe shi. Idan ka ɗauko wani, ko mai shago ya ga abin, karɓi lambar wayarsa. Sannan ka kama bakinka, domin baki shi ke yanka wuya. "Yallaɓai, a yi haƙuri, sauri nake yi" ladabi ne a wurinmu, amma a takardar ɗan sanda amsa laifi ne. In an rubuta jawabinka a ofis, kada ka sa hannu ko ka dangwala sai an karanta maka shi da harshen da kake ji.

Kafin ka ce za ka ja, buɗe aljihunka ka duba: lasisi mai harafin A na DVLA (hukumar ba da lasisin tuƙi da rajistar ababen hawa), inshora mai rai, takardar lafiyar babur, lamba mai karantuwa, hular kwano taka da ta wanda ka goya. Idan ɗaya ya yi rauni za a jera shi a matsayin tuhuma ta daban. Abin da mutane ba su sani ba shi ne kowace tuhuma amsarta daban: kana iya amsa ta rashin hula, ka musanta ta gudu.

Sai lissafi. A Gana ana yanke tara da ma'aunin da kowane ɗaya yake daidai da sidi 12, wato ma'auni 20 sidi 240 ne, 50 kuma sidi 600. Wanda ya musanta zai nemi beli da mai tsaya masa, zai kuma dawo kotu sau uku ko huɗu, kowace rana aikin yini ya tafi, kuɗin lauya ma na iya fin tarar. Shi ya sa ba na zargin magidancin da ya ga abin bai kai ba ya biya. Amma idan an haɗa da tuhumar tuƙin ganganci, wadda ke iya kai mutum kurkuku ko ta taɓa lasisinsa, ko an yi haɗari wani ya ji rauni, to amsa laifi da gaggawa kuskure ne babba, domin wannan amsar za ta bi ka har wurin kamfanin inshora da maganar diyya. A nan a nemi lauya, ko a je ofishin hukumar taimakon shari'a ta gwamnati, wadda ke tsaya wa marasa hali.

A cikin kotu, tarkon da ya fi kama yaranmu shi ne amsar nan ta "na yi laifi amma da bayani". Suna ɗauka tsaka-tsaki ce. Ba haka ba ne. Alƙali zai saurari bayanin, in ya ga ya kai kariya ya rubuta maka ba ka amsa ba, in bai kai ba ya hukunta ka nan take da bakinka. Wanda ya tabbata bai yi ba ya ce bai yi ba, a fili. Tsarin mulkin 1992, sashe na 19, ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar, kuma ya ba ka tafinta kyauta. Ko kana jin Tuwi na kasuwa, nemi tafintan Hausa, maganar shari'a ba ciniki ba ce. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 kuma, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya ba ka kwafin hujjojin da zai dogara da su kafin a fara sauraro. Nemi su.

Idan jami'in ya shiga akwatin shaida, tambaye shi a natse, ɗaya bayan ɗaya. Wace irin na'ura ce, mene ne lambarta? Yaushe aka gwada daidaitonta na ƙarshe, ina takardar gwajin? Shi ya riƙe ta ko wani ne ya faɗa masa ta rediyo? Tazara nawa ce tsakaninku? Motoci nawa ne a titin a lokacin? Ina hoton da ya nuna lambar babur ɗin tare da gudun? Ba a buƙatar ka kira shi maƙaryaci, shakka mai ƙarfi ta wadatar. Idan an yi ta ɗage zama shaidan bai zo ba, roƙi kotu ta sallame ka, in kuma babur ɗin na tsare ka roƙi a sake shi tun zaman farko. Kai dai kada ka kuskure rana ko ɗaya, domin za a ba da takardar kama ka, wanda ya tsaya maka beli ma ya shiga uku.

Akwai kuma tsarin kyamara na Traffitech-GH da 'yan sanda suka gabatar a 2023, mai tura saƙo ga wanda sunansa ke kan rajistar abin hawa. A zangonninmu ana sayar da babur hannu da hannu ba a canja suna a DVLA ba, sai laifin mai saye ya faɗa kan mai sayarwa. A canja suna ranar ciniki, kuma kada a tura kuɗi zuwa lambar wayar wani mutum don saƙo ya ce a tura.

In hukunci bai yi maka daɗi ba, biya inda kotu ta ce, ka karɓi rasit ka adana. Ɗaukaka ƙara daga kotun gunduma Babbar Kotu ake kai ta, cikin wata ɗaya, don haka a nemi kwafin hukuncin tun a makon farko.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Aboabo, Kumasi