Wasiƙa Daga Bakin Kogin Matan Fada

Argungu, Jihar Kebbi.

Aminina Bello,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya hidimar Legas? Nan kowa lafiya lau, Inna na gaishe ka.

Maganar da ka yi mini a waya ta tsaya mini a rai. Wai kakan tashi da fara'a, kafin azahar ranka ya ɓaci ba gaira ba dalili, har kana tsoron ko kanka ne ya fara taɓuwa. Haba Bello! Ni ma jiya na tashi wasai, na sha kunu na nufi fadama. Injin ban-ruwa ya ƙi tashi, na yi ta jan igiya har tafin hannuna ya yi jawur, na huce a kan yaron da ke taya ni aiki, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba. Da la'asar sakaliya kuwa ina bakin Matan Fada muna ƙyaƙyata dariya da masunta.

Masana halayyar ɗan'adam sukan sa mutane su riƙa rubuta yadda suke ji sau da yawa a yini, har tsawon kwanaki. Sun ga cewa ɗan hawa da sauka kowa na yi. Abin dubawa shi ne ɓacin ran da ya kafe ya ƙi gusawa, ko faɗawa daga murna mai yawa zuwa ƙunci mai tsanani a kai a kai. Likitoci kan fara zargin ciwon damuwa idan ƙuncin ya kai mako 2 kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so.

Ka tuna Kawu bayan ambaliyar 2020 ta cinye shinkafarsa? Ya ƙaurace wa majalisa, tuwo loma biyu ya ture, jikarsa ta hau cinyarsa ko murmushi babu. A gida aka ce iska ce. Sai da muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, Jihar Sakkwato, aka ɗora shi kan magani. Ranar da na ji yana mita kan tsadar taki, wallahi daɗi na ji, na san ya dawo.

Kai dai duba barcinka. Mai tashi ƙarfe 4 don gudun cunkoson hanya, ya kwanta 12, ina zai ga sanyin rai da rana? Idan abin ya zarce haka, ka ga likita, kada ka tsaya jin kunya.

Na ba direba busasshen kifi ya kawo maka, ka kira ni idan ya iso.

Naka,
Umaru