Tagwayen J da 10 a wasan foka: kati mai kyan gani da wuyar riƙo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Katsina, kuma na daɗe ina shiga aji da kwalin karta mai kati 52 idan zan koyar da darasin yiwuwar aukuwar abu, domin yara sun fi saurin gane lissafin da suke iya taɓawa da hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙorafin da ɗan ƙanwata ya kawo mini kwanan baya. Yana buga foka, wani nau'in wasan karta, a wayarsa, irin ta kyauta da ake yi da kuɗin wasa, ya zo yana rantsuwa cewa manhajar maguɗi take yi masa. "Kawu," in ji shi, "duk lokacin da na samu J biyu sai an cinye ni." Da na zauna da takarda da biro, sai na ga babu wani maguɗi a ciki, rashin sanin darajar katin ne kawai, kuma ina kyautata zaton matasa da yawa suna cikin irin wannan ruɗani.

Tun da farko ina so a fahimce ni, ba caca nake tallatawa ba. Hukuncinta a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ni ban taɓa sa ko kwabo a kan kati ba. Lissafin da ke cikin wasan nake magana a kai.

A salon Texas Hold'em, wanda shi ne aka fi bugawa a wayoyi kuma shi ne ake yin babbar gasar duniya da shi a Las Vegas, gasar da aka soma tun 1970, ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe. Daga nan sai a shimfiɗa uku a tsakiya, a ƙara na huɗu, a ƙara na biyar, kowa ya haɗa da nasa. Kati biyun farko suna iya zuwa ta hanyoyi 1,326, kuma 78 ne kawai daga cikinsu tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya. Ke nan mutum yakan samu tagwaye kusan sau ɗaya a cikin rabo 17, tagwayen J kuwa sau ɗaya a cikin 221. Wanda ya daɗe yana jira, da ya ga 9 biyu, ko 10 biyu, ko J biyu, sai zuciyarsa ta raya masa cewa kakarsa ta yanke saƙa.

Matsalar waɗannan tagwaye masu matsakaicin girma ita ce akwai katunan da suka fi su, kuma suna fitowa fiye da yadda ido yake zato. Mai riƙe da J biyu yana da kati 12 a samansa, wato A huɗu, K huɗu da Q huɗu, a cikin 50 ɗin da bai gani ba. Idan aka lissafa dukkan hanyoyi 19,600 da katunan shimfiɗa uku za su iya fitowa, 8,436 ne kaɗai babu ɗaya daga cikin waɗannan 12. Saboda haka kashi 57 cikin 100 na lokuta, da an buɗe shimfiɗa zai ga katin da ya fi nasa, kuma duk mai riƙe da irin wannan katin ya haɗa tagwayen da suka fi nasa ke nan. Ga mai 10 biyu abin ya kusa kashi 70, ga mai 9 biyu kuma ya kai kashi 79. Fatan da kowa yake yi na ganin ɗan'uwan katinsa ya fito a shimfiɗa, tagwaye su zama 'yan uku, bai kai kashi 12 cikin 100 ba.

Daga wannan lissafi ne hanyar buga su ta fito. Ƙarfin tagwayen J ko 10 yana nan ne kafin a buɗe shimfiɗa, don haka mai hankali ba ya lallaɓawa ya biya mafi ƙarancin kuɗin shiga ya bar mutum biyar ko shida su biyo shi. Ƙari yake yi, kamar ninki uku na kuɗin shiga, domin masu riƙe da K da 7 ko Q da 8 su janye, a bar shi da abokin karawa ɗaya ko biyu. Ɗan ƙanwata akasin haka yake yi, wai yana ɓoye ƙarfinsa don ya yi musu tarko, alhali kowane mutum da ya bari a ciki wata ƙofa ce da A ko K za su shigo masa ta ita.

Inda aka fi yin asara shi ne lokacin da ka yi ƙari, wani kuma ya ɗora nasa ƙarin mai nauyi a kan naka. Nan sai an dubi wane ne mutumin. Idan irin mai haƙurin nan ne da ba ya motsi sai da A biyu, K biyu, Q biyu, ko A da K, to ƙidaya ta nuna cewa manyan tagwayen suna zuwa ta hanyoyi 18, A da K kuma ta hanyoyi 16. A gaban manyan tagwaye, J biyu ba sa cin ko sau ɗaya a cikin biyar. A gaban A da K suna da rinjaye, amma ɗan kaɗan ne, tsakanin kashi 54 da 57. Idan aka haɗa duka, rabon mai J biyu kusan kashi 36 ne kawai cikin 100, kuma wanda ya tura duk abin da ke gabansa a kan wannan ya sayi tsada. Amma idan mai ɗora ƙarin ɗan garaje ne da ke yin haka da kowane irin kati, J biyu suna gabansa nesa, janyewa kuma ta zama tsoro marar dalili. Katin bai canja ba, mutumin da ke gabanka ne ya canja darajarsa.

Bayan shimfiɗa ma ba a yanke hukunci da ido rufe. Fitowar Q a tsakiya ba ta nufin abokin karawa yana da Q, domin mai riƙe da kati biyu mabambanta yakan dace da shimfiɗa kusan sau ɗaya ne a cikin uku. Idan mutum ɗaya ne a gabanka kuma babban kati ɗaya ne ya fito, ƙaramin zubi yakan isa ya gwada shi. Sai dai A ta fi Q haɗari, saboda mutane ba sa son rabuwa da A ko da abokin tafiyarta ƙarami ne. Idan kuwa A da K suka fito tare, ga mutum uku suna zuba kuɗi, tagwayen 10 sun zama takarda, ajiye su ya fi. Wanda yake magana a ƙarshe, bayan ya ga abin da kowa ya yi, shi ya fi samun sauƙin wannan hukunci, shi ya sa 9 biyu a kujerar ƙarshe sukan fi daɗin riƙo a kan J biyu a kujerar farko.

Akwai kuma abin da nake so matasan da suka fara tunanin komawa wasan kuɗi su lura da shi. Duk wannan ƙididdiga ba sirri ba ce, waɗanda suka mai da wasan sana'a sun haddace ta tuntuni, kuma masu shafukan wasa suna cire kasonsu daga kuɗin da aka tara a tsakiya, ko wa ya ci. Idan mutum tara masu ƙwarewa ɗaya suka daɗe a teburi, jimillar abin da ke hannunsu raguwa take yi.

Shi dai ɗan ƙanwata bai yarda da alƙalumana ba, ya ce lissafin takarda daban, abin da yake gani a waya daban. Sai na ba shi kwalin kartar da nake koyarwa da shi, na ce ya ware J biyu gefe, ya gauraya sauran 50, ya buɗe uku, ya rubuta ko A, K ko Q ta fito, ya maimaita har sau 100. Ya kai wajen sau 40 aka kira sallar la'asar, kuma tun kafin mu tashi na lura ya daina ambaton maguɗi. Ya tafi da kwalin gida don ya ƙarasa, har yau ina jiran ya dawo mini da shi, ga kuma darasin 'yan aji biyar yana tafe ranar Litinin.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.