Zuwa ga Abba, kan bindigar da kake son saye

Gwammaja, Kano.

Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a can Ingila. Mu nan sai godiya. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe Dala har ba ma hango shi daga ƙofar gida. Saƙonka ya iso tare da hotunan bindigogi huɗun da ka turo. Na ƙi ba ka amsa ta waya ne don maganar ta fi ƙarfin minti biyar, kuma ka san halin kunnena na hagu, sai ka yi ta maimaita zance har ka gaji.

Ka ce guda ɗaya kake so, wadda za ka riƙa harbin faifai da ita ranar Asabar, wato 'yan faya-fayan nan da inji ke cillawa sama don gwajin hannu, in lokacin farauta ya zo kuma ka shiga daji da ita. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma wannan tana taunuwa in ka yarda kowane ɓangare ya ɗan yi haƙuri. Ga amsata tun kafin in ja ka da nisa: ka nemi lamba 12 (ma'aunin faɗin bututu ke nan), mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya, tsawon bututunta inci 28 ko 30, wadda ake iya sauya mata matsin baki, wato abin da ke ƙayyade watsuwar harbi. Sai dai duk wannan lissafi ne na takarda. Abin da ya fi shi, wanda hoto ba zai nuna mini ba, shi ne ko bindigar ta zauna a jikinka.

A 1986, kana rarrafe, na sayi bindigata ta biyu a hannun wani Bature injiniya da ya gama aiki zai koma gida. Aka yi takardu, aka sauya suna, komai bisa ƙa'ida. Kyakkyawa ce ta gaske, an zana mata agwagi da ciyayi a jikin ƙarfen, ƙotar kuwa sai sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Abin da ban lura da shi ba, mutumin dogo ne sambal, ni kuwa ka san ni. Duk sanda na ɗaga ta sai gindin ya sarƙe a hammatar rigata, kafin in daidaita, zabi sun ba ni baya. In na samu na harba, ta shure ni a damtse maimakon kafaɗa. Shekara uku ina zuwa gonakin wajen Kadawa ina dawowa da ɗanyen tabo a hannu da jaka fayau, abokan tafiyata suna ce mini mai ciyar da daji da dalma. Na zargi harsashi, na zargi iska, har idona na zarga. Wani tsoho mai gyaran bindiga ne ya ce in ɗaga ta a gabansa. Sau ɗaya ya kalla, ya ce, "Alhaji, ai rigar wani ka sa." Ya rage inci ɗaya daga ƙotar. A fitar da ta biyo baya na dawo da fakara biyar.

Don haka in ka je shagon, ka tafi da rigar sanyin da za ka riƙa sawa a filin, domin kaurinta yana ƙara wa ƙota tsawo. Ka buɗe bindigar ka leƙa da idonka ka tabbata babu komai ciki, ko da mai shagon ya rantse maka. Sannan ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kunci da kafaɗa, ka buɗe. In ka tarar idonka ya miƙe ɗoɗar bisa doron bututun ba tare da ka karkata wuya ba, to kun fara shiri. In sai ka lanƙwasa kai kana neman hanya, ajiye ta, ko nawa aka rage maka. Tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan ƙota ya kamata a sami sararin yatsa biyu ko uku. Yawancin na shago suna zuwa da kimanin inci 14 da rabi daga kunama zuwa ƙarshen gindi, kuma kai ka fi ni tsawo, mai yiwuwa ta yi maka daidai. Ka kuma gwada idonka: ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sai ka rufe na hagu. In yatsan bai gusa ba, na dama ne shugaba. In ya yi tsalle gefe, na hagu ke mulki, kuma sai ka gaya wa mai koyar da ku tun kafin ka kashe ko sisi. Irin wannan bindiga ba a saita ta kamar ta soja. Nuni ake yi da ita, inda ido ya kalla nan take zubawa, shi ya sa zamanta a jiki ya zama komai.

Yanzu ga hotunanka. Ta farko, mai zanen zinariya, ka bar ta. Aska takwas ce a kan riga: tana da kyau ranar salla, amma ba ta ƙara wa yadin ƙwari. Sau da yawa kamfani ɗaya kan fitar da bindiga iri ɗaya a matakai daban-daban, cikinsu duk ɗaya, zane da kyan katako kawai ke ninka kuɗin. Ta biyu, mai tudun ƙota da dogon bututu inci 32, an yi ta ne don wasa guda, wanda faifai ke tashi daga gabanka yana gudu yana hawa sama. Da gangan aka sa ta zuba sama da inda ka kalla, ga nauyi. Ka shiga daji da ita, kafin azahar za ka fara neman wanda zai riƙe maka.

Ta uku, mai ɗura kanta, ba zan ce ba ta da kirki ba. Shurinta da sauƙi, kuma masu harbin agwagwa suna son ta. Amma baki ɗaya gare ta, wato matsi ɗaya, kuma ba ta karyewa biyu. Mai baki biyu kuwa in ka karya ta ka rataya a hannu, kowa daga nesa ya san ba za ta tashi ba, hankalin jama'a a kwance. Akwai kuma maganar gida. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar tsuntsaye cikin waɗanda mutum zai iya neman lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda, amma ta cire masu ɗura kansu da duk mai na'urar sake ɗuri daga wannan rukuni. Ba ina nufin ka yi tunanin tahowa da ita ba ne. Takardar da 'yan sandan Ingila za su ba ka, mai shekara biyar, bayan sun zo sun ga akwatin ƙarfen da ka kafe a bango, ba ta da wani amfani a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ranar da za ka dawo gida gaba ɗaya, ka sayar da ita can ta hanyar da doka ta tsara.

Ta huɗun ce ta kama hankalina, Beretta Silver Pigeon ɗin nan ta hannu. Gidan Beretta tun 1526 suke wannan sana'a a Italiya, kuma irin wannan samfuri ya yi yawa a duniya har babu mai gyaran da bai san cikinsa ba. Ka sa a kawo maka Browning 525 ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ita Browning a Japan ake ƙera ta, a masana'antar Miroku, ta ɗan fi zurfi da cika hannu, Beretta kuwa ta fi sirantaka. Mutane sukan rabu biyu a kansu kamar masu tuwon shinkafa da masu na dawa, kuma babu mai laifi. Sababbin Turkiyya suna da araha, ba kuma na raina su ga mai fita sau biyar a shekara, amma mai harbin faifai yakan ƙona harsashi ɗari a yini guda. Ni dai na fi son tsohuwar mai asali. Ka cire katakon gaba ka girgiza ta a hankali, in ka ji tana ƙwas-ƙwas a mahaɗa, ta gaji. Ka ɗaga bututun wajen haske ka duba tsatsa ko lotsawa, ka duba wuyan ƙota ko da tsaga, ka tabbata hatimin gidan gwajin ƙarfin bindiga yana jiki.

Zancen lamba gajere ne. A narka dalma laba ɗaya a raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule guda shi ne faɗin bututun lamba 12, kusan milimita 18 da rabi. Lamba 20 ta fi ta ƙanƙanta da rashin nauyi, tana da daɗin yawo, amma harsashin 12 ya fi samuwa, ya fi yawan iri, galibi kuma ya fi sauƙin kuɗi. Abu ɗaya nake so ka riƙe kamar karatun sallah: kada harsashin 20 ya taɓa kwana a aljihu ɗaya da na 12. In ya faɗa cikin bindiga lamba 12, zurmawa yake yi ya maƙale a ciki, ka duba ka ga kamar ba ka ɗura ba, ka ƙara na 12 a bayansa, bututun ya tarwatse a hannunka.

Matsin baki shi ne abin da zai sa bindiga ɗaya ta yi maka aiki biyu. 'Yan gajerun bututu ne da ake murɗawa a bakin, su ke ƙayyade yadda ƙwayoyin da ke cikin harsashi za su watsu. Masu abin suna aunawa da da'ira mai faɗin inci 30 a nisan yadi 40: cikakken matsi yana zuba kimanin 70 cikin 100 na ƙwayoyin a ciki, rabin matsi 60, marar matsi kuwa wajen 40. Waccan bindigar Baturen cikakken matsi ce duka baki biyun, kuma ba a cirewa. Fakara in ta tashi kusa, ko in kuskure ta, ko in same ta ta zama ba ta miya. Kai ka sa matsin kwata a bakin ƙasa, wanda ke fara tashi, ka sa rabi a na sama, domin harbi na biyu kullum tsuntsu ya ƙara nisa. Daga nan ka jefa sauran a aljihun jaka ka manta da su shekara guda. Na ga mutane a filinku suna ta murɗe-murɗe kafin kowane zagaye, kamar direban da ke sauya taya alhali tuƙin ne bai iya ba.

Nauyi kuwa nan ne haƙurin da na ce. Ta farauta zalla takan yi kilo 3, ta faifai kilo 3 da rabi ko fiye, don nauyi ke shanye shuri. Ka nemi tsakiya. Tsawon ɗakin harsashinta ya zama milimita 76, zai ɗauki harsashi mai milimita 70 ma, kuma ka duba ko tana da tambarin nan mai kamar fure mai kunne uku, shaidar an gwada ta da ƙwayar ƙarfe. Tun 1999 aka hana harbin agwagwa da dinya da dalma a Ingila, in kuma za ka sa ƙarfe kada ka wuce rabin matsi. Harsashin faifai giram 28 ko ma 24, girman ƙwaya lamba 7 da rabi ko 8, ya isa. Na tsuntsu giram 30 zuwa 32, lamba 5 ko 6.

Ban manta ranar da ka kai ni filinku bara ba. Faifan nan bai fi marfin ƙaramin kwano ba, milimita 110, amma cikin 25 tara na fasa, ni da na shekara talatin ina shiga daji. Yaron da ke danna maɓallin yana ta kallon takalminsa don kada in ga dariyarsa. Gaskiyar magana, mu nan zabo yawanci a ƙasa muke samunsa ko yana cikin yunƙurin tashi da nauyin jikinsa, ba mu saba da abin da ke gilmawa kamar walƙiya ba. Duk a bayansa nake zubawa, domin ina tsayar da hannu lokacin jan kunama. Wannan ba bindiga ke gyara shi ba, malami ne da maimaici. In kuɗinka kashi uku ne, biyu su tafi ga bindiga, ɗaya ga koyo da harsashi, kuma ka fara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasan ya kwanta mini a rai ta wata fuskar. Da can tantabaru masu rai suke saki daga akwati suna harbewa don gasa, sai a 1921 aka haramta hakan a Ingila, faifan da aka ƙirƙiro a Amurka wajen 1880 ya maye gurbinsu. Mu kuwa tun tuni Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da mai rai abin gwajin harbi. To ka yi gwajinka a kan faifai har hannunka ya faɗa, tsuntsu kuwa sai wanda za a ci. Ka yi bisimilla kafin ka ja kunama, wuƙarka mai kaifi tana aljihu, wanda ka tarar da sauran rai ka yanka shi nan take. Wanda ya yi maka nisa ka bar shi ya tafi, ya fi ka karya masa fiffike ya je ya mutu a cikin ƙaya.

Ka sayi abin toshe kunne mai kyau da tabarau a rana ɗaya da bindigar. Mu a zamaninmu ba wanda ya gaya mana, ga shi yanzu Hajiyarku kullum tana faɗan na cika ƙarar rediyo. Mai harbi da kafaɗar dama kunnen hagu yake fara rasawa. Makullin akwatin kuma kada ya kwana inda yaran nan za su gani, ka san ƙiriniyar ƙaramin.

In ka koma shagon, ka sa a ɗauke ka hoto daga gefe, kana sanye da rigar sanyin, bindigar ba komai ciki, ɗaya da Beretta ɗaya da Browning, ka turo mini kafin ka biya. Hajiya tana gaishe ku, ta ce yajin da ta aiko ta hannun abokinka ko ya iso, ba ka ce komai ba. Ka shafa mini kan yaran.

Wassalam.

Mahaifinka.