Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Makarantar Jikata da Maganar Kason Jihohi

Agege, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, na zaɓi in rubuta maka wannan magana a takarda ne domin ka karanta ta a natse, ba a cikin hayaniyar ziyarar ranar Lahadi ba. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka yanke shawarar jikata za ta zauna jarrabawar shiga makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya wadda hukumar jarrabawa ta NECO ke shiryawa, kuma Queen's College ta Yaba ce ka sa a gaba. Ta ce hankalinka a kwance yake tun da takardar asalinmu ta jihar Zamfara ce, inda makin da ake nema bai taka kara ya karya ba, har ma kun yi ka-ce-na-ce da wasu iyaye a taron makarantar yaranku, maƙwabcinka ɗan Anambra ya tashi ransa a ɓace, yana cewa bambanta makin shiga tsakanin jihohi ba adalci ba ne. Kwanciyar hankalin nan naka ne ya tayar mini da nawa.

Tsarin raba gurabe tsakanin jihohi ba wani ne ya ƙirƙiro shi da mugun nufi ba. King's College da ke tsibirin Legas an kafa ta tun 1909, Queen's College ta biyo baya a 1927, alhali Arewa gaba ɗayanta sai 1921 ta sami Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta zama Barewa ta Zariya. Wannan tazara ce gwamnati ta so ta cike, ta kuma so yaran ƙabilu daban-daban su kwana a ɗaki ɗaya, su ci tuwo a teburi ɗaya, shi ya sa aka buɗe kwalejojin tarayya na farko a 1966, sannan gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yawaita su a 1973 bayan yaƙin basasa. Yau sun haura 100. Kundin tsarin mulki na 1999 ma, a sashe na 14, ya ce a riƙa damawa da kowane yanki a harkokin tarayya.

Amma kada wannan tarihi ya rufe maka ido daga abin da ke ci wa maƙwabcinka rai. A 2013 jaridu sun buga makin da aka yanke wa kowace jiha, cikin maki 200: ɗan Anambra sai ya sami 139, ɗa namiji daga Yobe kuwa 2 ya ishe shi, mu a Zamfara aka sa wa maza 4, mata 2. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a nan Legas, kuma a 2014 kotun ta ce wannan bambanci ya saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana a nuna wa ɗan ƙasa wariya saboda asalinsa. Ka sa kanka a matsayin uban da 'yarsa ta ci 130 aka ce ta faɗi, sannan 'yar ajinsu da suke shiga motar makaranta ɗaya kowace safiya ta ci rabin haka aka ɗauke ta. Mutumin bai yi maka ƙarya ba, kuma ba ƙiyayyar Arewa ce ta sa shi magana ba.

Ga abin da na fi so ka duba. An rage makin ne saboda yarinyar ƙauyen da ke bayan Ƙaura Namoda ko Anka, wadda ajinsu ba shi da benci, malaminsu ɗaya yana riƙe da azuzuwa uku, wani lokaci ma rashin tsaro ya rufe makarantar watanni. To ita wannan yarinya sau nawa iyayenta suke jin labarin ranar rufe rajista, balle su sami kuɗin fom da na mota zuwa inda ake jarrabawar? Wanda yake cin moriyar sassaucin sau da yawa irinmu ne, 'yan Arewa mazauna Legas da Abuja da Fatakwal, masu 'ya'ya a makarantun kuɗi, masu malamin lesin da yamma. Jikata a Legas aka haife ta, Yarbanci a bakinta kamar ruwa, Gusau kuwa sai da Sallah. Ni kaina lokacin da na sauka Ikko babu wata jiha mai suna Zamfara, sai a 1996 aka cire ta daga Sakkwato. Duk abin da ɗiyar maƙwabcinka ta samu na koyarwa, ita ma ta samu. Da wace hujja za mu auna ta da mudun yarinyar da ba ta samu komai ba?

Ba cewa nake yi ka sauya jiha a fom ba. Zamfara ce asalinmu, ita za ka rubuta, domin rubuta wata ƙarya ce, kuma doka ce ta tambaya. Abin da nake nema shi ne ka shirya yarinyar kamar babu wannan sassauci a duniya. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 30 na daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma na wasu larurori. Ka sa mata ido a kan kashi 60 ɗin nan, ka bar na 30 ga waɗanda aka yi shi dominsu. Ka samo mata tambayoyin shekarun baya, ka zauna da ita kan lissafi da Turanci da kanka ko da minti talatin ne bayan Isha'i, kada ka jingina komai ga malamin lesin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin kuwa a fili yake. Kason jiha ƙofa kaɗai yake buɗewa; da zarar an shiga aji, malamar lissafi ba ta tambayar kowa jiharsa, haka WAEC da NECO a ƙarshen shekara ta shida ma'auni ɗaya suke yi wa kowa. Yarinyar da ta shiga da ƙaramin maki ta tarar da waɗanda suka ninka ta, takan yi ta jan ƙafa a ƙarshen aji, ta fara ɓoye takardar sakamako, ƙawaye kuma su riƙa yi mata kallon wadda aka yi wa alfarma. Ba na son jinina ya ɗanɗani wannan. Mai Martaba Muhammadu Sanusi II a King's College ya yi sakandare, kuma ban taɓa jin wanda ya saurari jawabinsa ya ce a rage masa maki ba.

Sai batun ingancin makarantar kanta, wanda iyaye sukan manta da shi idan gardamar maki ta yi zafi. Suna ba ya koyar da yaro. Kafin ka cike zaɓi, ka ɗauki uwarta ku je ku gani da idonku: ɗalibai nawa ne a aji ɗaya, malamai nawa ne na gwamnati, nawa ne ƙungiyar iyaye da malamai ke biya daga aljihunta, yaya ɗakin kwana da makewayi suke, daga ina ruwan sha yake fitowa. Na ambaci ruwa ne domin a 2017 ɗalibai uku na Queen's College sun rasu a wata annoba da aka danganta da gurɓataccen ruwa, wasu da yawa suka kwanta asibiti. Shekaru sun wuce, ina fatan an gyara, amma uba ba ya miƙa 'yarsa makarantar kwana a kan fata. Ku leƙa kwalejin tarayya ta Ijanikin ma, da makarantun gwamnatin jihar Legas irin ta Meiran da ke kusa da mu, sannan ku kwatanta.

Idan sakamako ya fito bai yi yadda muke so ba, za ka ga masu cewa suna da hanya a ma'aikata, a ba su wani abu su sa suna. Kada ka saurare su, kada kuma ka zo mini da maganar in kira wani babba. Gurbin da aka saya da kuɗi daga hannun wata yarinya aka ƙwace shi, kuma jikata za ta sani ko ba a gaya mata ba.

Maƙwabcinka kuwa, ka je har gidansa ka gaishe shi. Ba sai ka yarda da duk abin da ya faɗa ba. Kana iya gaya masa cewa idan aka soke kason jihohi yau ba tare da an gyara firamaren karkara ba, wasu jihohi za su ɓace daga waɗannan makarantu baki ɗaya. Amma ka fara da amsa masa cewa 139 da 2 ba su yi kama da adalci ba. In ya yarda, ku haɗa yaran biyu su riƙa bitar tambayoyi tare ranar Asabar, kuɗin littattafan kuma ni zan biya.

Ka gaida mai ɗakinka da yara duka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ta sa'a.

Wassalam,
Mahaifinka.